Zuwa ga ƙanena da ya bugo waya: wa ya biya diyyar mutanen Legas?

Assalamu alaikum ƙanena, da fatan ka wuni lafiya.

Ranar da muke hirar finafinai a rediyo kai ne na ƙarshe da ya samu layi, kuma kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya cinye, sai na ji ba daɗi don tambayarka ta fi duk sauran nauyi. Abin da ka ce, idan ban manta ba, shi ne: "Yaya, kai da kake ta cewa su Batman da Captain America suna wuce gona da iri, to idan ba su ba wa zai ceci mutane? Kuma ai niyyarsu mai kyau ce, aiki kuwa da niyya ake duba shi." Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar to bari amsar ma ta zo a bainar jama'a.

Da farko dai kar ka ɗauka ni maƙiyin finafinan nan ne, wallahi na ɓata dare da yawa a kansu tun zamanin da ake sayen faifai har zuwa yanzu da ake tura su a waya, kuma har gobe idan Captain America ya ɗaga gudumar Thor sai tsigar jikina ta tashi kamar wani yaro. Amma son abu ba ya hana ka ga inda ya yage.

Mu fara da gida. Ka tuna yadda Captain America: Civil War na 2016 ya buɗe? Bayan ɗan gajeren share fage, a Legas. To, Legas ta bogi dai, don a Atlanta ta Amurka aka ɗauki kasuwar, amma a labari Legas ce. Jarumai huɗu, Captain America da mutanensa, sun shigo ƙasar mutane suna farautar wani tsohon abokin gabarsu da ya zo satar ƙwayar cuta daga wata cibiyar bincike, fim ɗin bai nuna mana sun gaya wa ko kurtun ɗan sanda ɗaya cewa suna gari ba, aka yi ta dambe da harbe-harbe a tsakiyar kasuwa mutane na gudu, ƙarshe mutumin ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa, ɗaya daga cikin jaruman, mace mai ƙarfin tsafi da ake kira Wanda, ta tattare wutar ta cilla sama, sai ta fashe a jikin wani dogon bene mai cike da jama'a. Aka mutu. To yanzu ka lura da abin da kyamara ta yi bayan nan, don nan ne maganata take. Kyamara ta tsaya a fuskar Wanda ta rufe baki da hannu. Daga baya muka gan ta a ɗakinta a Amurka tana kallon labarai tana baƙin ciki, Steve Rogers, wato Captain America, ya shigo ya kashe talabijin ya zauna yana lallashinta, wai laifinsa ne ba nata ba, wai a wannan aikin ba kowa ake iya cetowa ba. Kai da kake kallo wa ka tausaya wa? Wanda. Ni ma ita na tausaya wa a karon farko. Waɗanda aka ƙirga a labarai da babbar murya su ne mutum 11 'yan Wakanda, wata ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a labarin, da suka zo aikin agaji, don su suna da sarkin da zai tsaya gaban duniya ya yi magana. 'Yan Najeriyar da ke cikin benen nan kuwa ko sunan mutum ɗaya ba mu ji ba, ba jana'iza, ba zaman makoki, ba matar da aka bari da marayu.

Ka ce niyya. To ni ba malami ba ne amma ko ɗan Islamiyya ya san cewa a addininmu kisan kuskure ma ba a share shi da cewa "ai ban yi niyya ba." Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganarsa, akwai kaffara a kan wanda ya yi, akwai kuma diyyar da za a miƙa wa iyalan mamaci sai dai in su suka yafe da kansu. Wato niyyarka tsakaninka da Ubangijinka ce, tana iya raba ka da hukuncin mai ganganci, amma haƙƙin mutane yana nan daram. Shi ya sa tambayata ba "shin Steve mutumin kirki ne" ba ce, na yarda mutumin kirki ne, marubutan ma ba su bar mana wata ƙofa ta yin shakka ba. Tambayata ita ce idan ya yi kuskure, matar nan ta Legas ofishin wa za ta je, ƙarar wa za ta kai, a wace kotu?

Abin da ya sa nake girmama fim ɗin nan shi ne shi da kansa ya tayar da tambayar. Ƙasashe 117 suka amince da wata yarjejeniya cewa daga yanzu jaruman nan ba za su fita aiki ba sai da izinin wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tony Stark, wato Iron Man, ya ce a sa hannu, kuma abin da ya karya masa gwiwa wata uwa ce da ta tare shi a bakin lif ta manna masa hoton ɗanta a ƙirji, yaron da ya je wata ƙasa ta cikin labarin mai suna Sokovia gina wa talakawa gidaje gini ya rufta masa lokacin da ake yaƙi da Ultron, mutum-mutumin da shi Tony ya ƙera a ɓoye ba tare da ya shawarci abokan aikinsa ba sai Banner, wato Hulk. Steve ya ce shi ba zai sa hannu ba, kuma ba hujjar banza gare shi ba: ya gani da idonsa yadda hukumar S.H.I.E.L.D. da yake wa aiki ashe wata ƙungiyar miyagu mai suna Hydra ta cinye ta ta ciki, ya ga yadda wasu manya a 2012 suka ba da umarnin a jefa wa birnin New York makamin nukiliya, sai ya ce kwamiti ma ai mutane ne masu son zuciya, idan suka tura mu inda bai kamata ba fa, ko suka hana mu zuwa inda ake bukatarmu? A nan kam rigimar ta yi daɗi don kowa na da gaskiyarsa, irin gardamar da za a kwana ana yi a teburin mai shayi ba a gama ba.

Sai dai duba yadda aka yi mana wayo. Wanda aka ba wa aikin kawo yarjejeniyar shi ne Ross, mutumin da duk mai bin finafinan ya san shi ne ya yi ta farautar Hulk har ya jawo aka samar da wani dodon da ya fi Hulk ɓarna, to ta yaya za ka so doka idan wannan ne fuskarta? Sannan aka nuna mana kurkuku a tsakiyar teku inda ake zuba mutane ba shari'a. Shi kuma Tony mai dokar barci sai ya ɓuge da gyangyaɗi, ya tsare Wanda a gida ba da saninta ba, ya je ya ɗauko Spider-Man, ɗan sakandare, ya kai shi Jamus fagen fama bayan ya yi wa innarsa ƙarya. Kafin ka ankara maganar doka ta bi ruwa, fim ya ƙare a Saiberiya da mutum uku suna dukan juna a kan wani kaset na 1991 da ya nuna wanda ya kashe iyayen Tony. Rigimar ƙasashe 117 ta koma rigimar cikin gida. Shekara biyu bayan nan babban bos Thanos ya sauko, kuma idan ana maganar rabin halittu za su ɓace wa zai tsaya tambayar takardar izini? Ka ga amsar tambayarka ta "idan ba su ba wa" kenan, marubuci ne ke ƙera bala'in daidai girman da zai sa tambayar ta zama wauta.

Kuma wallahi wannan jumlar taka na sha jin ta ba a fim ba. Ita ce dai ake faɗa a kan 'yan sa-kai a ƙauyukan Zamfara da Katsina, kuma masu faɗarta ba wawaye ba ne, mutane ne da aka bari ba mai kare su, suka ga wasu matasa sun ɗauki bindigar toka sun tsaya musu. Amma kowa ya san yadda kashe-kashen da wasu daga cikinsu suka riƙa yi ba shari'a, a kama mutum a kasuwa saboda zargi ko saboda ƙabilarsa, ya ƙara wa wutar fetur. Bambancin shi ne a can babu marubucin da zai tabbatar cewa duk wanda aka kama shi ne mai laifin.

Batman kuwa ai shi ne uban tafiyar. The Dark Knight na 2008 ya fito ne lokacin da Amurkawa ke tsaka da gardama a kan abin da gwamnatin Bush ta yi bayan harin 11 ga Satumba, satar sauraron wayoyin mutane ba izinin kotu wanda aka fallasa a ƙarshen 2005, da sace waɗanda ake zargi daga wata ƙasa a kai su wata, da azabtarwa wajen tambayoyi. Duk ukun nan Batman ya yi su a fim ɗaya. Ya je Hong Kong ya sato wani akawu ta tagar bene ya direshi a ƙofar 'yan sandan Gotham. Ya sako wani shugaban 'yan daba daga sama ya karya masa ƙafafu don ya yi magana. Ya kulle ƙofar ɗakin tambayoyi da kujera ya yi ta jibgar Joker, bos ɗin fim ɗin, kuma a nan dole in yaba wa darakta Christopher Nolan don dukan bai haifar da ɗa mai ido ba, Joker dariya ya yi ta yi sannan ya ba shi adireshin mutum biyun da ya sa aka sace a juye, budurwar da yake son cetowa ta mutu. Amma zo ka ga na'urar leƙen asirin. Batman ya mayar da kowace waya a garin kunne da ido, Lucius Fox, mai haɗa masa kayan aiki, ya tsaya gaban bangon allunan nan ya ce wannan ƙarfin ya yi wa mutum ɗaya yawa, leƙen asirin mutum miliyan 30 ba ya cikin aikinsa, zai taimaka sau ɗaya sannan ya ajiye aiki. Madalla. Sai me ya faru? Na'urar ta yi aiki, aka gano Joker, Fox ya rubuta sunansa na'urar ta tarwatse da kanta yana murmushi ana kiɗa mai taɓa zuciya. Wato an ce mana abin haramun ne amma ya yi amfani, kuma kar ku damu mai shi zai lalata shi da kansa. Ƙanena, a ina ka taɓa jin hukumar da ta samu irin wannan na'ura ta lalata ta don kunya? Shekara biyar bayan fim ɗin, a 2013, Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna girman abin da ake tattarawa a kan mutane, ba wanda ya rubuta sunansa abin ya narke.

Ƙarshen fim ɗin ma ƙarya ce aka gina a kai, Batman da kwamishinan 'yan sanda Gordon suka yanke a tsakaninsu su biyu cewa mutanen gari ba za su iya ɗaukar gaskiya a kan Harvey Dent ba, babban mai gabatar da ƙarar garin da ya koma kashe mutane, don haka a ɓoye musu. A fim na gaba an nuna cewa da sunan Dent ɗin aka yi dokar da ta cika kurkuku da mutane ba damar sassauci, kuma wanda ya fasa ƙwan Bane ne, bos kenan, wanda ke shirin tayar da garin da bam. To wa zai saurari gaskiya daga bakin mai bam?

Wannan ce dabarar da ta fi ba ni haushi kuma da zarar ka gane ta za ka riƙa ganinta ko'ina: idan bos ya fara faɗar magana mai ma'ana har 'yan kallo sun fara gyaɗa kai, sai a sa shi ya kashe wani marar laifi nan take don a dawo da mu layi. Killmonger a Black Panther na 2018 shi ne babban misali. Yaro ne da sarkin Wakanda ya kashe ubansa a Oakland a 1992 aka tafi aka bar shi shi kaɗai don a rufa asirin gidan sarauta, ya girma yana tambayar ina Wakanda take da duk arzikinta da makamanta lokacin da ake kwasar baƙar fata a jiragen ruwa. Tambaya ce da ba wanda ya iya amsawa a fadar. Sai aka sa ya harbe budurwarsa, ya shaƙe tsohuwa, ya ƙone gonar tsiron sarauta, shikenan hankalinmu ya kwanta za a iya kashe shi. Kuma ni abin da ya fi ɗaure min kai, ƙasar da ta fi kowace ci gaba a duniya amma hanyar zama sarkinta kokawa ce a bakin ruwa, duk ɗan gidan sarautar da ya kayar da sarki shi ke da rumbun makaman ƙasa, kamar a ce wanda ya yi kisa a filin dambe gobe ya wayi gari da mukullin barikin soja. Ba wanda ya ce a gyara wannan tsarin har fim ya ƙare, an dai yi sa'a mutumin kirki ya dawo ya sake cin kokawar. Sannan Baturen kirkin fim ɗin ma'aikacin CIA ne, hukumar da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka da kansa ya tabbatar a 1975 cewa ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba na Kwango. Wannan kam ko dariya ban iya yi ba.

Amma in yi adalci, a fim ɗin nan akwai daƙiƙa kaɗan da suka fi min duk faɗan ƙarshe, kuma a dajin Sambisa aka ce abin ya faru. T'Challa, wato Black Panther, ya dira kan ayarin motocin masu garkuwa da 'yan mata yana ta kakkarya su cikin duhu, ya juyo kan na ƙarshe zai gama da shi, sai Nakia, 'yar leƙen asirin Wakanda, ta tare shi ta ce wannan yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Ka ga amfanin wanda zai iya riƙe hannun mai ƙarfi kenan. Da ba ta wurin da ya kashe yaron da kyakkyawar niyya, kuma da mun tafa masa.

Wani wurin kuma abin tsoro ake mayarwa abin dariya. A Spider-Man: Far From Home na 2019 Tony ya mutu ya bar wa Peter, wato Spider-Man, ɗan shekara 16, wani tabarau da ke iya karanta saƙonnin wayar kowa kuma yake da iko da ɗaruruwan jirage marasa matuƙi masu ɗauke da makamai da ke jibge a sararin samaniya. Yaron na cikin motar bas da 'yan ajinsu, yana so ya goge wani hotonsa daga wayar abokin hamayyarsa a kan budurwa, garin lalube ya ba da umarnin a kai wa yaron hari, jirgi ya taho zai tarwatsa bas ɗin da kowa a ciki, da kyar ya tsallake ta rufi ya kakkaɓo shi. Muka yi ta dariya a inda nake kallo, har da ni. Sai da na koma gida na ce tsaya, wato wani attajiri ya ajiye rundunar kisa a sama ba gwamnatin da ta sani ko ta hana, ya bar ta gado kamar agogon hannu, kuma darasin fim ɗin ba wai bai kamata abin ya wanzu ba ne, darasin shi ne a kula kar ya faɗa hannun mugu. Kullum maganar hannun wa, ba a taɓa zancen ko ya dace wani hannu ya riƙe shi ba.

Kuma kar ka manta su wa ke taya su aikin. Iron Man na 2008 an ɗauki wani sashensa a sansanin sojan sama na Edwards da jiragen yaƙi na gaske, kuma sojan Amurka ba sa ba da aron kayansu sai sun karanta labarin sun gamsu. Abin dariyar shi ne lokacin The Avengers na 2012 ma'aikatar tsaron ta janye hannunta, dalilin da ta bayar kuwa wai ta kasa gane hukumar S.H.I.E.L.D. ɗin nan a ƙarƙashin wa take, wa take ba wa bahasi. Ka ji fa, har Pentagon ta yi irin tambayata.

Na san za ka ce to ai akwai The Boys da ya tona asirin komai. E, shi ba fim ba ne, mai dogon zango ne da ya fara a 2019, kuma ba na ba ka shawarar kallonsa a falo don batsa da jini sun yi masa yawa. Farkonsa kam ya buga inda ya dace: saurayi na riƙe da hannun budurwarsa a bakin titi suna hira, jarumi mai gudun walƙiya ya ratsa ta cikinta, aka bar shi riƙe da hannaye biyu kawai, sannan lauyan kamfani ya zo masa da takarda da dala dubu 45 a kan ya sa hannu ya yi shiru. Shi ne wuri ɗaya da na ga an kawo wani abu mai kama da diyya, shi ma kuɗin toshiyar baki ne. Amma a ganina shirin ya sauƙaƙa wa kansa aiki, don Homelander, shugaban jaruman shirin, ruɓaɓɓe ne tun daga ciki, kowa zai yarda a taka wa mahaukaci birki. Mai wuyar shi ne a ce a taka wa Steve Rogers birki, mutumin da ba ya ƙarya ba ya cin amana, don kawai shi ma ɗan Adam ne kuma bam ya riga ya fashe a benen Legas. Watchmen na 2009 ya fi kusa da wurin, inda mai wayon cikinsu ya hallaka miliyoyi don ya hana yaƙin nukiliya kuma dabarar tasa ta yi aiki, sauran suka yarda su yi shiru, wanda ya ƙi yin shirun shi aka kashe, kuma shi ɗin ma ba mutumin da za ka so ya zama maƙwabcinka ba ne. Wannan fim ɗin bai ba ni wurin tsayawa ba sam, har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba.

Don haka ƙanena ga aikin gida. Ka samo Civil War ka sake kallon minti ashirin na farko, ka riƙe agogon wayarka, ka ƙirga daƙiƙa nawa aka ba fuskar Wanda da ta Steve bayan fashewar, sannan ka ƙirga nawa aka ba mutanen da ke cikin benen. Idan an sake gayyata ta shirin ka bugo da wuri kafin layi ya cika ka gaya min abin da ka samu, ni kuma zan roƙi mai gabatarwa ya bar mu mu ƙarasa.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Yayanka na rediyo